Tukunyar kashe wuta a jirgin Alhaji

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Yaya damina?

Jirgin ruwan da Alhaji ya saya nan Landan, an sake masa tukunyar kashe wuta ta ɗakin inji, mai fesawa da kanta in ta ji zafi. Na ce wa Baturen mu gwada, ya ce in an gwada ta ƙare. Wai kuma in ta tashi ina ciki in gudu, don numfashi take ɗaukewa. To ni ke wuni a ɗakin nan, Yaya. Na rasa wa take tsaro, ni ko injin.

Kada Inna ta ji. Ce mata dai ta sa ni a addu'a. A gai da Kawu.

Ƙaninka,
Habu