Kada Ki Faɗa Kan Gadon Nan

Yaya,

Kafin ki cire takalmi ki karanta wannan. Kada ki faɗa kan gadonki yadda kika saba in kin dawo daga aikin kwana.

Da safe na sake yin tuntuɓe da akwatinki na bayan ƙofa, har farcena ya fashe. Na kasa zama, na ce yau sai na yi maganin ƙuncin ɗakin nan. Na ɗaga gadon a kan bulo, na tura akwatuna da jakar takalma da bokitin wanki ƙarƙashinsa. Yanzu ƙofa tana buɗewa har bango, gwada ki gani.

Sai dai bulo uku kawai na samu a tsakar gida. Ƙafa ta huɗu, ta wajen kanki, ƙaramin turmin matar tela na kifa na ɗora ta a kai, kuma yana ɗan rawa. Na riga na makara, sai na taso aiki zan nemo bulo na huɗu.

Ki yi haƙuri ki kwanta a katifata, na shimfiɗa miki wankakken zani.

In matar tela ta zo neman turminta, ki taya ta nema. Ban da ƙarƙashin gado.

Ƙanwarki