Ba Zan Sauka Daga Kurata Ba

Yaya Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya ƙafar Inna da mutanen Tudun Wada? Lafiya lau nake a Poland, sanyi ne kawai.

Na ji wai hoton da na saka a intanet ya sa Kawu Nagoda cewa na shiga bokanci. Yaya, wasa ne! Mu biyar, ni da Turawa huɗu, muke zagaye tebur duk Asabar, muna jefa ɗan lido, muna ƙaga labari. Kowa da matsafinsa na ƙarya da dabbar da yake hawa. Su suka ɗauki doki da kyarkeci, ni na ce kura, irin ta tatsuniyar Inna. Suka ce babu ita a littafin wasan. Mako uku na yi ina gardama kafin suka yarda na ɗaura mata sirdi.

Wata bakwai ba mai tambayata ko na ci abinci, sai mutanen teburin nan. Kuma sallah ba ta wuce ni.

A aiko min da daddawa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ka gaishe da Kawu, ka ce Turawa ba su sauke ni ba, shi ma ya haƙura.

Ƙanwarka,
Bahijja