Sunan Selden a Mararraba

Chapcha, uku ga watan tara

Zuwa ga Azhim Bidha,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki. Yaya jiki, yaya gwiwar nan da sanyin dutse? Ina fata man shanu da busasshen barkonon da na aiko ta hannun mai kai muku abinci sun isa. Tunda kika shiga halwar nan ta shekara uku, ba waya ba baƙo, takarda ce kawai ta rage mana, sai ki yi haƙuri da karkataccen rubutuna.

Albishirinki, an zaɓi 'yata Selden, 'yar lelenki, cikin maharban da za su tsaya wa Bhutan a gasar ƙasashen Asiya. Jiya jirginsu ya tashi. Ubanta Gyembo ne ya kai ta filin jirgin Paro, ya dawo yana ta hura hanci, duk wanda ya gamu da shi sai ya ji cewa shi ya sassaƙa mata bakanta na farko da gora tana shekara bakwai, lokacin da tsofaffin garin nan ke cewa mace ba ta taɓa baka. Kuma gaskiyarsa ce, ban hana shi ba. Kin dai san ƙugunsa ranar wasa, ƙyallayen da ake ɗaura wa duk wanda kibiyarsa ta sami allo sukan yi masa yawa har su rufe masa cinya.

Abin da ke tayar mini da zuciya daban ne. Passang dillalin dankali ya dawo daga bakin iyaka da wata caca a wayarsa, yanzu mazan garin nan sun tare a shagonsa, suna tauna doma, goron nan namu, suna tofar da jan yawu suna lissafin ƙasashe kamar masu tayin shanu. Shekaranjiya na je sayen gishiri na ji shi yana wa'azi.

"Koriya ce uwa," in ji shi. "Matansu in sun saki kibiya goma, tara na tsakiya. China na bi, Indiya na leƙe, Japan da Taiwan na jiran wani ya yi tuntuɓe. Mai hankali a kan Koriya yake zuba kuɗinsa."

Wani ya ce, "To mu fa?"

"Mu? Mu mun je ɗaukar hoto."

Suka fashe da dariya, har da Gyembo. Na ce, "Passang, kai da ko dokin da aka ɗaure ba za ka iya harbi ba, kai ne alƙalin maharba?" Ya ce, "Ama Lhaden, ni ba na harbi, ni ina karɓa." Na ɗauki gishirina na fito. Yara sun yi shekaru suna jan tsarkiya har yatsunsu sun yi kanta, wasu ƙattai kuma na zaune suna saye da sayar da guminsu. Tir.

A gida Gyembo ya ce kada in damu, da zarar an fitar da wadda Selden za ta kara da ita, zai je wurin Ap Nado mai duba taurari a yi yadda aka saba yi in za mu kara da wani ƙauye: a rubuta sunan abokin karawa a takarda, a shafa mata toka, a binne a mararraba mutane su tattaka, hannunsa ya yi rawa. Ban taɓa son al'adar nan ba, amma na bar shi. Ke dai ki kunna wa yarinyar fitilar man shanu.

Ki gaida sauran masu halwa. Taki har kullum,
Lhaden

Chapcha, goma sha ɗaya ga watan tara

Azhim Bidha,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Mu jikinmu lau. Sauran kuma ki karanta ki gani.

A zagayen share fage Selden ta yi harbin da ba ta taɓa yi ba, har ta ba mai horar da su mamaki. Ta ci wasanta na farko, sai ta faɗa hannun wata 'yar Koriya. Da labarin harbinta ya iso, na ga Gyembo ya kasa cin abinci, ya bar shinkafa da barkono da cuku a kwano, ya ɗauki hanyar gidan Ap Nado. Na ce a raina, uba ke nan.

Ranar karawar rabin gari ya cika shagon Passang don kallon wasan. Kin san nasu wasan ba irin namu ba ne, ba waƙa, ba rawa, ba mai tsayawa gefen allo yana zagin kakan maharbi. Shiru kamar ana zaman makoki. 'Yar Koriya ta ci zagayen farko, Selden ta ci na biyu, suka yi ta ja har aka tashi biyar da biyar. Aka ce kowacce ta saki kibiya ɗaya, wadda ta fi kusa da tsakiya ita ke da nasara. Na dubi Gyembo, gumi na zuba daga haɓarsa a wannan sanyin. Na kama hannunsa, Azhim. Ni da kaina na kama hannunsa ina ba shi baki.

Dukansu suka sami goma. Alƙali ya zo da ma'auni, ta 'yar Koriya ta fi kusa da abin da bai kai faɗin farce ba. Mata suka sa kuka. Gyembo kuwa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, da yamma sai ga shi da naman alade kilo biyu, wai a yi murnar ƙoƙarin yarinya.

Washegari abin 'yar Koriyar nan ya tsaya mini a rai. Ita ma 'yar wani ce, kuma wasa ya ƙare, me zai sa a bar sunanta ana takawa? Na ɗauki fartanya na tafi mararrabar da ke ƙasan injin niƙa, inda suke binnewa kullum. Ƙasar ma ba ta gama kwanciya ba. Na tono takardar, na karkaɗe tokar.

Sunan Selden ne. Da shekarar haihuwarta, da ranar, da sa'ar da ta faɗo duniya, wadda daga ni sai ubanta sai ke da kika yanke cibiya muka sani.

Na same shi a rumfa yana gyara gashin kibiya, na shimfiɗa masa takardar a cinya. Bai ma yi musu ba. Ashe kuɗin dankalinmu na bana kaf, ngultrum dubu ɗari da tamanin, ya zuba a wayar Passang a kan matan Koriya za su ci duk wadda suka gamu da ita. Da yake kowa ya san su, ribar ba ta taka kara ta karya ba, dubu tara ce. A ciki ya ba Ap Nado dubu biyu.

Ya ce, "Ke Lhaden, Koriya ba ta faɗuwa. Ko na binne ko ban binne ba, haka za a tashi."

Na ce, "To me ya kai ka binnewa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ga yarinyar tana harbi kamar ba ta san da wa take yi ba."

Na ce, "Wa ya koya mata?"

Sai ya koma roƙo, wai in rufa masa asiri, wai ai ba abin da ya same ta, wai kuɗin ma ai gida suka dawo. Ni ban sani ba ko takarda na iya karkatar da kibiya daga wata ƙasa, ke ce mai karatu. Amma shi ya yarda tana iyawa, da wannan yardar ya tsuguna ya haƙa ramin. Naman nan na juye wa karnuka, tukunyar ma sau uku na wanke ta.

Selden za ta dawo mako mai zuwa. Jiya ta kira tana cewa in gode wa Apa, wato ubanta, ta san addu'arsa ce ta kai ta biyar da biyar. Takardar na cikin akwatina. In na nuna mata na raba ta da uba, in na ɓoye na zama abokiyar haƙa ramin. Ki faɗa mini abin yi, ko da layi biyu ne.

Ƙanwarki,
Lhaden

Chapcha, ashirin da uku ga watan tara

Azhim Bidha,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Amsarki ta iso, na gode, amma ta tarar an riga an gama.

Selden ta sauka ranar Asabar. Gari ya yi mata tarba a filin harbi, mata suka jeru suna waƙa, aka dafa shayin man shanu a babbar tukunya. Passang ne a gaba-gaba yana ɗaukar hoto da wayar nan tasa, Ap Nado kuma ya zo ya sa mata albarka da hannun da ya rubuta sunanta. Dagaci ya yi jawabi, ya ce ko da ba ta ci ba ta sami tsakiyar allo a gaban duniya, ya ɗauko jan ƙyalle irin na maharba ya miƙa mata. Mace ba ta taɓa samunsa a garin nan ba.

Ba ta ɗaura ba. Ta ratsa taron ta je gaban ubanta, ta durƙusa, ta soke masa shi a ɗamara da hannunta, ta ja ta gyara. Fili ya ɗauki tafi. Gyembo ya buɗe ƙirji yana share hawaye, maza na dukan kafaɗarsa. Ni kuwa na ce shi ke nan, bakina ya ɗinku, zan mutu da takardar nan.

Da safe muna zaɓen irin dankali a tsakar gida, ni da ita, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ama, ba ni takardar."

Dankalin ya suɓuce daga hannuna. Ashe a motar da ta kawo ta daga Thimphu kujera ɗaya suka zauna da matar Ap Nado, wadda bakinta ba ya riƙe ko ruwa. Kafin su kai rabin hanya ta zazzage mata komai, har da cewa an gan ni da fartanya.

Na ce, "Kin sani, kika ɗaura masa?"

Ta ce, "Ama, ba wanda ya sami abin da ya auna ake ɗaura wa ba? Ya auna, ya samu."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta karɓi takardar ta karanta sa'ar haihuwarta, ta ninke ta sa a cikin kwarinta. Ta shiga ɗaki ta sauko da ƙaramin bakan goran nan da ke rataye bisa gadonta shekara goma sha biyar, ta jingine shi a ƙofar rumfar ubanta. Motar azahar ta bi ta koma sansanin horo. Ta ce in zan gan ta in zo Thimphu, ɗakinta zai ɗauki mutum biyu. Shi yana shagon Passang a lokacin, ba ta tsaya sallama ba.

Ya ga bakan, ya ce wai ta bar masa ne don tunawa. Matar Ap Nado kuma ba ta zauna ba, yanzu ko kajin garin nan sun ji. Shi kaɗai ne bai san an sani ba. Kullum sai ya soke jan ƙyallen ya fita, ko gona za shi. Yau da safe ya tambaye ni me ya sa mutane ke kallon ƙugunsa su kau da kai. Na ce masa ya yi masa kyau ne, kada ya kuskura ya cire.

Wasiƙarki ta gaba ki aika Thimphu. Ki sa mu a addu'a, ni da 'yarki.

Taki,
Lhaden