Tsibirai Huɗu da Guntun Igiya

Mungadi, Litinin da hantsi.

Zuwa ga Hamida, idon ruwan da ba ya ƙafewa ko bazara ta kai maƙura, sanyin sabuwar randa, furen albasar Aliero wanda zuma ke barin dawa ta zo gaishe shi! Amincin Allah ya tabbata gare ki, ya ma'abociyar yatsu goma masu zance, yatsun da suka fi harshen kowane maroƙi na ƙasar Kabi iya magana. Ke ce farin watan da ya leƙo bakin rijiya da rana tsaka ya iske ni tsamo-tsamo cikin laka, bai kuwa juya baya ba.

Yau kwana goma sha tara ban ga hannunki ya motsa ba. Fuskarki kam na hango ta ranar Laraba ta saman darni, kina tsintar albasa, amma hannun nike nufi. Yayanki Alu ya kawo mini takardarki, layi ɗaya tak: "Na ja igiya, ba ka amsa ba." Ya kuma shaida mini Baba ya ba ki zuwa Juma'a ki faɗi ko magabatana su zo neman aurenki ko su zauna gidajensu. Na ce da shi, to mi ta ce? Ya ce, "Wallahi Bashar, hannunta cikin hijabi ta bar shi." Wayyo ni! Akwai shirun da ya kai wannan nauyi a duniya?

Kin tuna bara, ranar da guganki ya tsinke ya faɗa rijiyar lambun Baba? Ƙugiya ta yi ta lalube ta kasa, aka ce a kira mai yasar rijiyan nan na Mungadi, mai baki kamar reza. Alu ya ɗaure igiyata a gindin mangwaro, ina sauka shi kuma ya bi awakin da suka faɗa lambu. Na nutsa na samo gugan, na ɗaura shi, na ɗaga kai na ga kan mace a cikin da'irar hasken can sama. Na ce a ja. Shiru. Na ƙara da ƙarfi. Shiru! Na yi ta zuba har rijiyar tana maido mini da zagina, sai da haushi ya sa na girgiza igiyar. Nan take kika ji ta a tafinki, kika ja sau biyu, guga ya tashi. Na hauro ina ci gaba da faɗa, ke kuwa kin zuba wa bakina ido kamar mai kallon rawar 'yan kama. Da na tsaya shan numfashi kika tsuguna, kika ɗauki kara kika rubuta a jiƙaƙƙiyar ƙasa: "Ka gama? Ga ruwa, sha." Ni da na koyi karatu a jikin manyan motoci da takardar ƙunshe tsire, sai da na bi haruffan ɗaya-ɗaya leɓena na motsi. Kika tuntsire da dariya, don ke kin riga ni karanta su a bakina. Tun daga ranar, ya sanyin idona, ban sake zama nawa ba.

Ni na koya miki yaren igiya irin namu, ke kika koya mini na hannu. Ja ɗaya, a ƙara igiya. Ja biyu, fito, ya isa. Baba Tamu da ya koya mini yasa yakan ce, iskar gindin rijiya takan ɓaci wanda ke ciki bai sani ba, na sama ke ganin ya fara tangaɗi. Saboda haka wanda ya yi gardama da igiya, da likkafani ake hauro da shi. Na san wannan tun ina shekara goma sha huɗu. Ban taɓa saɓawa ba a ƙarƙashin ƙasa. Sai a kan ƙasa, a tsakiyar kasuwar Jega, na saɓa.

Ina ganin abin har yanzu. Tun safe kike ciniki da masu atamfa da yatsunki, kina kayar da su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dube ki da idon tausayi. Sai ɗan acaɓan nan ya yi ta danna oda a bayanki, ya ce, "Ke wace irin kurma ce?" Idona ya rufe. Na shiga gabanki, na ba ki ƙeya, ni da na san ƙeyar mutum a gare ki ƙofa ce rufaffiya. Na yi ta kururuwa, "Ba ta ji! Ku dube ta, ba ta ji!" har masu hatsi suka bar buhunansu, aka yi da'ira ana nuna ki da baki. Na ɗauka kare ki nike yi, ashe tallan ki na yi. Kika kama gefen rigata kika ja sau biyu. Na ji, Hamida. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji sarai. Na fizge.

Ga kuma abin da ban taɓa gaya miki ba. Kalmar nan da ɗan acaɓan ya faɗa, ita na jefa miki daga gindin rijiya ranar farko, harafi da harafi, kafin in san ko wace ce ke. Zurfi ya ɓoye miki leɓena, ni kuma na bar ta a ɓoye shekara guda. Muryata na ji a bakin yaron nan. Da kaina nike faɗa a Jega, ke kika biya.

To, bari in shimfiɗa miki abin da ya hana ni haukacewa cikin kwanakin nan. Na yashe wa Malam Yohanna rijiya, malamin nan da ke koyar da labarin ƙasa a sakandare a Maiyama. Ya gan ni na tsaya ina karanta taswirar da ke bangon ɗakinsa da laka har gwiwa, sai ya jawo kwamfutarsa ya ce in zo in ga irin nawa nutson na masu gata. Hamida! Mutum biyu a ƙarƙashin teku, kowa da tukunyar iska goye a baya kamar jariri, da gilashi a fuska, da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Ba faɗuwa suke ba, ba tafiya suke ba, suna rataye cikin shuɗi kamar shirwa a sararin sama. Sai ɗaya ya juyo ya yi wa ɗaya magana da hannu, ɗayan ya mayar. Na ce, Malam, kurame ne? Ya ce a'a, can ba mai iya magana, kowa da bakin tiyo a tsakanin haƙora. Na ce Allahu Akbar! Ashe akwai ƙasar da aka shimfiɗa don Hamida, aka kuma tanadi linzami don bakin Bashar!

Ya ba ni tsohon littafin taswira marar bango, sauran na bi su a waya, ina karantawa a hankali kamar mai tsince tsakuwa cikin shinkafa. Na riga na tsara mana hanya, bayan an shafa fatiha, in kin yarda a shafa.

Zanzibar za mu fara, ita ce tsibiri na farko. Ruwan gaɓarta bai wuce ƙirji ba, fari tas, ana ganin yatsun ƙafa. Na ga hoton mata can da sutura har idon sawu, mace na koya wa mace iyo, don haka kar ki ce mini kunya. Likita zai duba kunnenki tukuna, haka ƙa'ida take ga kowa, har ni. Mu yi kwanaki muna koyo. Ni ma ɗalibi zan koma, don duk abin da na sani na nutso riƙe numfashi ne, su kuwa dokarsu ta farko kar ka kuskura ka riƙe. Ka sha, ka saki, a hankali. Wa ya taɓa gaya mini haka a rayuwata?

Daga nan kwale-kwale ya kai mu Pemba, tsibirin da aka ce ƙamshin kanumfari ke tarbar baƙo tun bai sauka ba. Wannan tarba taki ce, ba ta bi ta kunne. A can ƙasan teku takan yanke ta zama bango, ya yi ta gangarawa ba a ganin gindinsa, kamar rijiyar da aka haƙa gefe ɗaya aka manta da sauran. A jikin bangon nan murjani ke tsiro. Murjani, Hamida, ɗan uwan wanda ke wuyan Inna! Ashe rai gare shi, rassa gare shi, ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa da ruwan makuba na shige da fice cikinsa kamar 'yan biki. Zan riƙe yatsanki mu bi bangon, kumfar numfashinmu na tashi sama tana haɗuwa ta zama ɗaya. Ki ba ni labarin duk abin da kika gani, jimla guda cikakkiya, alhali sauran masu nutso na fama da alamu goma da suka haddace. Su za su koma masu in'ina, ke ce za ki zama limamiyar zance! Na karanta kuma cewa in an yi zurfi, ja ne launin da ke fara gushewa. Ko da idona ya kaɗa, a can ba za ki ga jansa ba.

Na uku sunansa Mafia, ƙaramin tsibiri ne, lokacin sanyinmu ake zuwa. Wani kifi ke ziyartarsa mai tsawon motar albasa, jikinsa ɗigo-ɗigo kamar zabo, bakinsa ya isa haɗiye ɗan maraƙi. Amma kin san mi? Ba ya cin kowa. Ƙananan abubuwan da ido ba ya gani yake tacewa, ya wuce abinsa a natse. Na kalli wanga kifi sau ba adadi. Babban baki, ba cuta. Ina son ki gan shi, ki dube ni, ki nuna mini shi da haɓa.

Na ƙarshe suna can nesa tsakiyar teku, tsibiran Maldib, birjik kamar an watsa gero a faifai, mutanensu masu salla ne. Ban gama karanta su ba. Na bar miki su, ke ki zaɓa mana guda.

Na yi kuskuren nuna littafin a majalisarmu. Suka ce mai yasar rijiya zai je teku, wai in fara da tafkin Liba in ga ko kwaɗi za su ba ni biza. Mutanen da ko gulbin Jega ba su taɓa tsallakawa da ƙafarsu ba, masu zaman benci har katako ya san ɗuwawunsu, 'yan... Kin gani? Har alƙalamin ya fara. Na ja shi sau biyu, ya tsaya. A ranar ma ban tanka musu ba, na naɗe littafina na tashi, sai da suka bi ni da kallo suna tambayar ko ba ni da lafiya. Guzurin tafiyar ba ni da shi yau, na sani. Ko shekara goma ce, rijiya ma da ɗan cokalin ƙasa ake fara ta.

Abin da ya kama zuciyata cikin dukan karatun nan doka biyu ce. Ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa, idonsa a kansa, ba a ba shi ƙeya. Kuma duk wanda ya yi alamar a hau, an gama, ba a tambayar dalili, ko da lu'ulu'u ne a gabanka. Ashe Baba Tamu da mutanen teku malaminsu ɗaya! Ni ban ce zan wayi gari ba zafi ba, ya hasken raina, wuta ce aka haife ni da ita. Abin da na ɗauka alkawari shi ne, daga yau har a mayar da ni ƙasa, fuskata na wajenki, kuma in kika ja, na fito, ko a tsakiyar kalma nike.

Ki duba cikin takardar nan, za ki ga guntun igiya kamu ɗaya. Daga igiyar aikina na yanke shi, wadda kika riƙe ranar farko. Mai yasar rijiya ba ya yanke igiyarsa. Yanzu akwai wata rijiya a Liba mai zurfin gaba goma sha biyu da ba zan ƙara kai gindinta ba, na kuwa yafe ta.

Alu ya ce in zo ranar Alhamis da hantsi in yashe rijiyar lambu, ta yi laka. Zan ɗaure igiya a gindin mangwaron nan, in sauka. Ba zan kira kowa ba, ba zan buɗe baki ba. Zan yi aikina, hannuna ɗaya a kan igiya. In kin ga ba ki iya yafe mini, ki bar ta, zan gama in hauro in bi ta bayan darni, ba mai jin komai daga gare ni, ranar Juma'a ki faɗa wa Baba abin da ke ranki. In kuwa akwai sauran wuri a kwale-kwalenki, ki zo bakin rijiya ki tare mini hasken nan da kanki kamar bara.

Ki ja sau biyu, Hamida. Ki ga yadda ake amsawa.

Naki, a kan ƙasa da ƙarƙashinta, a busasshiyar rijiya da tsakiyar teku, muddin akwai numfashi a ƙirji,

Bashar mai yasa.