Fam Ɗari Huɗun da Suka Jefa Mijina a Layin Shekara Goma

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke duba takardun bizar ma'aurata,
London.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta mutunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya sanyi? Na ce "ranka ya daɗe" ne bisa zato, domin wasiƙar da kuka aiko mana ba ta da suna a ƙasa, sai lamba. In mace ce ke, ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. In kuwa na'ura ce ta rubuto, to Allah ya ƙara mata wuta.

Sunana Hajiya Kulu, 'yar Zariya, mazauniyar unguwar Edmonton a nan London fiye da shekara talatin. Da gangan na rubuto da Hausa. Na daɗe ina karanta wasiƙunku da ƙamus a cinya, yau ku ma ku nemi tafinta ku ji yadda abin yake.

Na zo ƙasar nan da mijina na farko, uban 'ya'yana, wanda ya zo karatu, aiki ya riƙe shi, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Ni na ƙarasa rainon yara uku, da aikin gidan kula da tsofaffi. Na wanke iyayen wasunku, na ba su abinci a baki, na rufe wa wasu ido 'ya'yansu na kan hanya. Ina da fasfo irin naku. Ba gori nake yi ba, ina so ne ka san da wa kake magana.

Mijina na yanzu sunansa Malam Haruna, tsohon hedimasta ne na firamare, shekararsa saba'in da biyu. A wajen ta'aziyya muka haɗu, lokacin da na je gida. Ina cikin magana na ce an yi "cancel" ɗin jirgina, sai wani dattijo daga bayan tabarma ya ce, "Hajiya, an soke ake cewa." Na juya zan wanke shi tas, sai na ga dariya yake yi. Matarsa ta rasu, ni ma ga yadda nake. Bayan shekara guda aka ɗaura aure. Autata Safiya, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, ta ce mini, "Mum, are you serious?" Na ce da ita ban taɓa zama serious irin na yau ba.

A lokacin ina aiki, albashina ya kai fam dubu goma sha takwas da ɗari shida da kuke nema a shekara, tun kafin ku ɗaga shi. Kuka ba Malam biza ta shekara biyu da rabi da ɗan ɗori, kuka ce in ta ƙare a sabunta, in ya cika biyar ya samu zaman dindindin. Muka ce madalla. A al'adarmu namiji ake tambaya ko zai iya ciyar da mace, ku kuwa ni kuka tambaya ko zan iya ciyar da namiji. Ban yi musu ba. Malam ma bai yi ba, don har yau tuwo malmala ɗaya yake ci.

Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Shekara guda da zuwansa gwiwata ta ce ta gaji. Likita ya ce in na ci gaba da ɗaga tsofaffi, ni za a koma ɗagawa. Na yi ritaya. Daga ranar, a idonku na tashi daga mace mai riƙe miji na koma mace abar shakka. Fanshona na gwamnati da na wurin aiki, in an haɗa, ba su kai adadinku ba. Amma ranka ya daɗe, da wannan fanshon muke ci muke sha, muke biyan hayar flat ɗin council, gidan ƙaramar hukuma, muke kunna wuta, har in ɗan aika wa 'yan'uwa. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, ba mu taɓa neman benefit, tallafin gwamnati, ba. Na kai muku abin da nake da shi. Gwal ɗina na shekara arba'in, ba ya cikin lissafi. Gidan Malam na Tudun Wada da gonarsa, ba sa ciki sai an sayar. 'Ya'yana uku masu aiki suka ce za su sa hannu su ɗauki nauyinmu, aka ce alkawarin ɗa ba kuɗi ba ne. Ɗan abin da na tara don Umara kuwa, aka ce fam dubu goma sha shida na farko ba a ma fara ƙirga su. Wato talakan da ya tara abin da bai kai wannan ba, daidai yake da wanda bai tara komai ba. Wanda ya tsara wannan doka, ina son in ga asusunsa ranar da zai yi ritaya.

Na biyu. Da muka ga akwai giɓi, Malam ya ce shi zai cike. Na ce ina za ka samu aiki da furfurar nan? Ashe ya sa Safiya ta cike masa takardar neman aiki a ɓoye. Wata safiya sai ga shi ya fito daga ɗaki cikin doguwar riga rawaya mai ƙyalli, da hula, da sanda mai faifai a kai, irin ta masu tsayar da motoci yara su tsallaka titi zuwa makaranta. Na yi dariya har gwiwar ta motsa. Da ya fita kuma na zauna na yi kuka. Mutumin da malamai ke miƙewa in ya shigo ofis, ga shi tsaye a ruwan sama yana ɗaga wa direban bas sanda. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Shekara talatin da biyar ina shigar da yara makaranta, yanzu ma abin da nake yi ke nan, ƙofar ce kawai ta matso titi." Kafin wata biyu ya haddace sunan kowane yaro, na Turkawa da na Somaliya da na Gana, kuma wanda bai gaishe shi ba sai ya koma ya sake tsallakowa. Ya yi wata shida cur, muka tara payslip ɗinsa, takardun albashi, kamar yadda kuka ce. Haɗe da fanshona, da nasa fanshon na gida, mun haura adadinku da ɗan kaɗan. Har na yi masa dambun nama.

Na uku, kuma nan ne gizo ke saƙa. Fanshon Malam da naira ake biyansa, ku kuma kuna juya shi zuwa fam da farashin ranar da aka miƙa takarda. Tsakanin ranar da muka yi lissafi da ranar da bizarsa ta kusa ƙarewa, naira ta faɗi faɗuwar da kowa ya sani. Fanshon da ya yi wa ƙasarsa bauta a kai ya narke a hannunmu kamar kitse a wuta. Muka sake lissafi, sai ga shi mun gaza da fam ɗari huɗu da 'yan kai. A shekara fa, ranka ya daɗe, ba a wata ba. Kuɗin shayin da kake saya a tashar jirgi ya fi haka. Ina tambaya: Malam Haruna ne ya kayar da naira? Ni ce? Da muna da wannan ƙarfin ai da ba mu tsaya layinku ba. Lokaci ya ƙure, ba halin jira, muka miƙa a haka, muka rubuta gaskiyar abin da ya faru. Muka biya kuɗin takarda da kuɗin asibiti da kuke karɓa tun kafin a yi ciwo, daga kuɗin Umarata, wanda kuka ce ba kuɗi ba ne amma kuka karɓa. Na yi booking, muka hau jirgin ƙasa da tram, ɗan jirgin cikin gari, har ofishinku na Croydon, ni da sanda shi da jaka, aka ɗauki hoton yatsunsa. Na'urar ta yi ta ƙin karɓa, Malam ya ce da yarinyar da ke wurin ta yi haƙuri, alli ne ya cinye zanen.

Na huɗu. Kafin mu miƙa ɗin mun ga lauya sau ɗaya, don ganinsa ma da kuɗi ne. Ya dubi takardu, ya dubi gwiwata, ya tambaye ni ko ina karɓar kuɗin naƙasa. Na ce a'a, ina hawa bene da kaina, a hankali dai. Ya yi ajiyar zuciya kamar na ba shi labarin mutuwa. Ya ce da ina karɓa, da wannan adadin bai hau kaina ba, da wani ma'auni mai sauƙi za a yi mini. Ka ji fa. Gwiwar ta lalace har ta raba ni da aiki, amma ba ta lalace yadda za ta amfane ni ba. Muna fitowa Malam ya ce in ina so zai ɗan taimaka mata da sandarsa ta aiki. Mun yi dariya a bakin titi kamar mahaukata, don in ba mu yi ba wani abin za mu yi.

Na biyar. Bayan watanni sai ga amsarku. Ba ku kore shi ba, na gode. Kun ce saboda haƙƙin iyali zai zauna, amma tun da bai cika sharaɗin kuɗi ba, kun ɗauke shi daga layin shekara biyar kun sa shi a na shekara goma. Shekara biyu da rabi suka rage masa, yanzu sun koma bakwai da rabi, da sabuntawa har sau biyu nan gaba, kowace da kuɗinta. Wato maganin wanda kuɗinsa ya gaza shi ne a ƙara masa biya. Wannan hikima ko a kasuwar Sabon Gari ban taɓa jin ta ba.

Safiya ce ta karanta mana. Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce ta sake karanta wurin shekarun, ta sake. Washegari na dawo daga asibiti na tarar ya sauko da akwatinsa daga kan kabad, yana ninke kaya. Na ce ina zuwa? Ya ce, "Kulu, na zo in zama miki abokin zama, ga shi na zama kaya. Duk abin da kika tara zai ƙare a kaina. Gara in koma gida, ki riƙa zuwa." Na ce in riƙa zuwa da wace ƙafar? Ina jiran a kira ni aikin gwiwa, jikokina suna nan, likitana yana nan. Na ce na binne miji ɗaya, ba zan raka na biyu filin jirgi a kan kuɗin shayi ba. Ya ci gaba da ninki. Sai na hau kan akwatin na zauna, na ce in ya iya ɗaga ni ya tafi. Ranka ya daɗe, ni ba ƙaramar mace ba ce. Ya tsaya yana kallona, can ya zauna a gefena, muna nan mu biyu a kan akwati har aka kira la'asar a wayarsa. Ya tashi ya yi alwala, ni kuma na kwashe kayan na mayar. Bai sake tayar da zancen ba, amma na lura tun ranar ya rage hira, ya daina gyara mini Hausa. Wannan kuka yi mini, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi gwargwadon abin da ya rage mini.

A sake duba takardar Malam Haruna, a mayar da shi layinsa na farko ba tare da an share shekarun da ya riga ya yi ba. Yanzu an ƙara masa aikin tsaron yara lokacin cin abincin rana, giɓin ya toshe har da rara. An gaya mana in muka koma layin biyar da kanmu, daga farko za a soma ƙirga. Ɗan saba'in da biyu ba a ce masa ya koma aji ɗaya.

A daina auna fanshon da ake biya da kuɗin wata ƙasa da farashin rana ɗaya. A duba na shekara, a raba daidai. Aure ba canjin kuɗi ba ne da zai tashi da safe ya faɗi da yamma.

A yi wa masu ritaya ma'auni nasu. Wanda ya yi aiki ya biya haraji har ƙarfinsa ya ƙare, a tambaye shi ko abin da yake samu yana isarsa, ba ko ya kai na matashi mai aikin ofis ba. Ba ni kaɗai ba ce. A masallacinmu akwai masu irin wannan ciwo da ba su da bakin faɗa, ni kuwa Allah ya hore mini.

Kuma a hanzarta. Mun yanke shawara, Malam ba ya zuwa ko'ina, za mu bi layin ko da na shekara ashirin ne. Sai dai ka sani akwai wani wuri a bayan gari da ke ba da zaman dindindin ba tare da tambayar payslip ba, kuma a shekarunmu takardar can ba ta daɗewa. Zai zama abin kunya ga babban ofishi kamar naku a ce masu haƙa kabari sun riga ku.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana. Allah ya kai ka ranar ritaya da ƙafafunka biyu. Allah ya ba ka wanda zai zauna da kai a lokacin da kowa ya kama gabansa, kuma Allah kada ya haɗa ka da mai auna shi da sikeli.

Wassalam.

Taka mai biyan haraji,
Hajiya Kulu, matar Malam Haruna,
Edmonton, London.