Shirun Zigwai

Maman Zigwai,

Na tafi da Zigwai asibiti. Kada hankalinki ya tashi, tana magana, ta ma sha koko kaɗan.

Shirun nan nata da muka kwana biyu muna gode wa Allah a kai ba amsar addu'a ba ne, zazzaɓi ne. Bayan kin fita taron Zumuntar Mata, ta zauna ta kwafe shafi guda cur, ita da ba ta gama layi biyu sai ta hau taga. Na dafa kanta zan yabe ta, na ji shi kamar murfin tukunya.

Shekara goma ina koyar da halayyar yara a kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya, amma sai da tafin hannuna ya gaya mini. Ki yafe mini. Daɗin shirun na ji, har na gama makin takardun ɗalibai.

Ki dakata da ba da shaida a coci kan cewa ta natsu. Ki biyo mu da zanenta da flas.

Bulalar bayan ƙofa kuwa na karya ta. In Allah ya dawo mana da ita tana hawan taga, ba mai taɓa ta.

Baban Zigwai