Kwalaben da Aka Wanke

Litinin, 3 ga Yuli
Barkonon ya fara yaushi daga kunyoyin gangare. Na tuge guda: saiwa baƙa ƙirin, tana wari kamar tsumman da ya kwana a ruwa. Cutar bara ce. Na san sunanta na boko, har jarrabawa na rubuta a kanta a makarantar aikin gona. Sai me?
Babban ɗana ya bugo waya. Wai idan bana ma ya ruɓe, a sayar da gonar in koma gidansa. Har ya share mini ɗakin da ke jikin gareji. Gareji!

Asabar, 8 ga Yuli
Auta ta zo daga wajen aikinta da kwalabe cike da dafaffiyar dusa, duk ta yi koriyar fumfuna. Wai fumfunar ce ke cinye cutar da ke kashe saiwar. In ta gama kamawa, a gauraya da taki a zuba a gindin shuka. "Baba, don Allah ban da feshi, kashe ta zai yi." Na ce a zamaninmu guba ake ba cuta, ba a kawo mata 'yar'uwa. Ta yi dariya, ta jera su ƙarƙashin gadona, ta koma.

Laraba, 12 ga Yuli
Uwar yara ta yi shara. Ta juye su duka a kwata, ta wanke kwalaben da ruwan zafi, ta kife a rana. "Malam, ƙazanta har ƙarƙashin gado? Tsufan ne ya fara taɓa ka?" Tun da na aure ta take yaƙi da fumfuna. Yau ta yi nasara.

Alhamis, 13 ga Yuli
Ban gaya wa Auta ba. Wasu kunyoyin sun kwanta.

Juma'a, 14 ga Yuli
Murfi ɗaya ya gangara bayan buhu, bai ga sabulu ba. Ɗan kore a jikinsa, bai fi farce ba. Na dafa dusa, na ƙona bakin cokali a wuta, na kankare na zuba. Hannun bai manta abin da ya koya a makaranta ba. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Uwar yara ta tsaya a ƙofar kicin, ta fahimci abin da ta yi. 

Lahadi, 30 ga Yuli
Fumfunar ta kama dusar. Na gauraya na zuba. Rabin gonar ya riga ya tafi, sauran nake wa wahala.

Talata, 22 ga Agusta
Kunyoyin tudu na tsaye, sun fara fure. Wataƙila don ruwa ya ɗan ɗauke ne, ba na yaudarar kaina. Babban ya bugo, wai wane irin fenti nake so a ɗakin. Na ce ina da aiki, na kashe.
Na tarar da uwar yara tana dafa dusa, ba wanda ya sa ta. Na ce ta rage ruwa.